Majalisar da Mai Barin Giya Yake Nema

A shekarar 1930 layin dogo ya iso Nguru, ya yi burki nan. Jirgi ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu da ƙaro zuwa Kano da Legas, yana dawowa da fatake da ma'aikata daga ko'ina, har albarkar kasuwar ta kai Gashuwa. Tare da arzikin aka samu gidajen giya. Da Jihar Yobe ta rungumi shari'ar Musulunci a 2000, sayar da barasa a fili ya zama laifi, jama'a suka yi murna, kuma suna da hujja.

Sai dai doka ta kori kwalba daga bakin titi, ba ta warkar da wanda giya ta riga ta kama ba. Ya koma sha a ɓoye, ko ya haɗa da ƙwaya da kodin. Idan ya so bari, me muka tanadar masa? Faɗa, gori, sai gidan mari. A 2019 'yan sanda suka fasa irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye da yawa da hannunsu suka kai 'ya'yansu, don ba su ga wata ƙofa a buɗe ba.

Alhali akwai wata ƙofar. A 1935, a garin Akron na Amurka, wani dillali mai suna Bill Wilson, wanda bai daɗe da barin giya ba, ya ji sha'awarta ta taso masa bayan cinikinsa ya rushe. Maimakon ya nufi mashaya, sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayin, aka kai shi wurin likita Bob Smith, wanda shi ma mashayi ne. Hirar da suka yi ita ta haifi ƙungiyar Alcoholics Anonymous, inda masu fama da giya ke haɗuwa suna faɗa wa juna gaskiya, ba a biyan kuɗin shiga, ba a tona asirin kowa. A 2020 cibiyar Cochrane ta tace bincike 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000, ta gano cewa wajen daina sha gaba ɗaya, wannan hanya tana kamo sauran hanyoyin ba da shawara, wani lokaci ma ta wuce su.

Kada a ce abin na Turawa ne kawai. Musulmin birnin Baltimore na Amurka sun kafa ƙungiyar Millati Islami a 1989 bisa tsarin addininsu, a Iran kuwa dubban irin wannan zama ake yi kowane mako domin masu barin ƙwaya. Ko a zamanin Manzon Allah (SAW), Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha yi wa haddi kan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba.

Sirrin abin mun san shi tuntuni. Galibi a majalisa ake koyon sha, kuma wanda ya bar giya ya bar abokan hirarsa ke nan. Idan magariba ta yi ba shi da wurin zama, ƙafa za ta mayar da shi inda ta saba. Yana buƙatar wata majalisar, wadda zai ce "jiya na koma" ba a zare masa ido ba, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ɗan'uwa mai neman irin wannan zama a Nguru ko Gashuwa, ka fara da asibiti. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya yanke lokaci guda, yana iya kamuwa da karkarwa, jijjiga da gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, abin da kan kai ga rasa rai. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara. Ka roƙi likita ya haɗa ka da wani da ya riga ka bari, idan shi ma ya amince. Ku biyu kun isa zama. Ku tsayar da rana da lokaci, ku karɓi lambar juna saboda daren da sha'awa za ta taso, ku yi alkawari cewa abin da aka faɗa a ɗakin ba zai fita ba.

Sauran aikin namu ne. Limamai da masu unguwanni suna da zaurukan da ke zama babu kowa bayan isha'i, makarantu suna da azuzuwa. A ba masu neman barin giya mabuɗi sau ɗaya a mako, kada a tambayi sunayen masu zuwa, kada a aika yaro ya leƙa. A garin da kowa ya san gidan kowa, tsoron tonon asiri ne ke hana mutum neman magani, kuma wannan tsoro mu ne za mu iya cire masa shi.