Gidan haya ne ko tanda?

Ƴan uwa mutanen Ƙonni, Maraɗi, Ɗan Isa, Magarya da Matamai,

Kun san bazarar ƙasar nan. A watan Afirilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa. In ɗakinku rufin kwano ne ba silin, tun hantsi kwanon ke sako zafi a kanku, bangon siminti kuma ya riƙe shi har tsakar dare. Sai a fitar da tabarma tsakar gida, mai jego da jariri da tsoho duk a waje.

Kakanninmu ba su gina haka ba. Soron ƙasa mai azara da kaurin rufi yana da sanyi ko da rana tsaka. Kwano ya zo da sauƙin aiki, amma yana son abu biyu: silin a ƙarƙashinsa, da ƙofofin iska tsakanin su biyun don zafi ya fice. In aka shimfiɗa abin tare zafi a bisa silin, ya ƙara kyau. Ɗan kwangila ya san wannan sarai. Nan ne dai yake rage kuɗi, tunda ba shi zai kwana ciki ba.

To wa ke biyan abin da ya rage? Kai malamin makaranta, ke ma'aikaciyar likita. Fanka na juyawa dare da rana, takardar NIGELEC na hauhawa, kuma ranar da aka ɗauke kuran babu mafita. An ce maka hayar mai rahusa ce, ga shi ka biya sau biyu.

An yi Maraɗi Kwalliya a 2015, an yi Zinder Sabuwa a 2018, an kashe kuɗin ƙasa kan gine-gine. Ku tambayi masu mulki: ɗakin talaka nawa ya yi sanyi?

Abin da za mu kai majalisar dokoki ke nan: duk gidan haya da aka gina da kuɗin gwamnati, ko a kan filin da ta bayar, dole a sa masa silin da mafitar iska. Ma'aikacin magajin gari ya hau ya duba kafin a miƙa makulli. Ɗan kwangilar da bai sa ba, ba zai karɓi cikon kuɗinsa ba.

Ku adana katinku na zaɓe. Ranar ƙuri'a ku fito da sassafe, ku zo da maƙwabci, ku zaɓi ƴan takararmu.