Haƙuri Ba Ya Zuba Mai A Rijiya



Duk lokacin da kamfanin mai ya ɗage ranar haƙa rijiya a cikin teku, masu hannun jari sukan rabu gida biyu. Wasu su ce an ga mai ne ake ɓoyewa, a ƙara saye. Wasu su ce babu komai, a sayar tun da wuri. A ganinmu dukkansu caca suke yi, domin jinkiri ba ya faɗin abin da ke ƙarƙashin teku.

Mu ɗauki misalin ƙasar Guyana da ke Kudancin Amurka. A watan Yunin 2000 sojojin ruwan Suriname suka kori injin haƙar da kamfanin CGX na Kanada ya kawo, saboda rikicin iyakar ruwa. Aiki ya tsaya cak har 2007, lokacin da kotun sasantawa ta ƙasa da ƙasa ta shata iyakar. Masu hannun jarin CGX suka ci gaba da jira. Da aka haƙa rijiyar Eagle-1 a 2012, ruwa aka tarar.

A tekun Guyanan dai, ExxonMobil ya sa hannu kan yarjejeniya tun 1999. Abokin haɗin gwiwarsa, Shell, ya janye a 2014. A Mayun 2015 rijiyar Liza-1 ta faɗa kan mai mai ɗimbin yawa, aka fara fitar da shi a Disambar 2019.

Kowannensu ya yi haƙuri, amma aljihunsu ba ɗaya ba ne. Hayar injin haƙa a ruwa mai zurfi takan ci dubban ɗaruruwan daloli a rana guda. Babban kamfani zai iya shanye asarar busasshiyar rijiya. Ƙaramin da ba ya sayar da ko ganga ɗaya kuwa, sabbin hannayen jari yake fitarwa don ya rayu, kason wanda ya daɗe yana jira kuma ya yi ta raguwa.

To, ina ruwanmu? Alƙaluma irin namu ne ke mayar da jita-jita labari. Kafin mu rubuta, mu bincika: an yi hayar injin? An samu izinin gwamnati? Kuɗin aikin na hannu? Mu kiyaye tazarar da ke tsakanin "za a haƙa" da "an haƙa", domin wani zai iya sayar da filinsa a kan jimla ɗaya da muka rubuta.

Allah Ya yi mana jagora.