Yaron da Bai Taɓa Ganin Ungulu Ba

Ka tara 'yan firamare a Kano ko Katsina ka tambaye su kura, za su zayyano maka yadda ta kwashe da Gizo tiryan-tiryan. Tambaye su gauraka, ko burtu, ko gwanki, sai ka ga sun yi tsuru-tsuru. Ungulu ma, wadda a da take cika mahauta har sai an kore ta, yau akwai ɗan shekara 12 da bai taɓa ɗora ido a kanta ba. Tun 2015 aka sa ungulun gari cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba da masu sayen kanta don tsibbu sun cinye ta, mushen da take kwashewa kyauta kuwa ga shi nan yana ruɓewa a bayan gari.

Wanda bai san abu ba, ba zai ji ciwon rasa shi ba. Shi ya sa nake ganin aikin sanar da yara waɗannan halittu na makaranta ne. Sai dai yawancin makarantunmu sun ɗauka in an cika mota da yara an kai su gidan zoo sau ɗaya a shekara, an gama. Abin da yaro ke koyowa a can shi ne mazaunin zaki keji ne. Yankari kuwa, inda ragowar giwayenmu suke yawo a dajin da ya haura murabba'in kilomita 2,000, makaranta nawa ce ke da kuɗin motar zuwa?

Darasin da ya fi araha yana hannun manoman Maraɗi. Tun wajen 1983 suka fara abin da suke kira sassaben zamani: in kututturen gawo ko kalgo ko sabara ya yi toho a gona, ba a sare shi duka, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Babu sayen iri, babu ban-ruwa, domin saiwar tana raye a ƙasa. Da wannan dabarar aka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ya kuma ba ƙasa taki. Inda itace ya dawo, tsuntsu da zuma da bushiya suna biyo baya da kansu.

Kowace makarantar karkara tana da lungun da za ta iya killacewa da ƙaya, ta hana akuya da gatari shiga. Kowane aji ya riƙe itatuwansa, yara su auna tsawonsu, su rubuta ranar da shamuwa ta iso da ranar da ruwan farko ya sauka. Ga lissafi, ga kimiyya, ga rubutu, duk a fili guda. Yaron da ya yi rainon sheƙa zai yi nauyin hannu kafin ya ja danƙo.

Amma kada malam ya ɓoye wa yara gaskiya. Ɗan manomin da giwa ta tattake musu dawa a gefen Yankari ba zai saurari wa'azin tausayin dabba ba in aka yi kamar ba a san ɓarnar ba. A gaya musu labarin raƙuman dawa na Kure a Nijar: suna cin waken mutane, duk da haka aka zauna da ƙauyawa, aka samar musu da abin yi, har garken da ya ragu zuwa 49 a 1996 ya haura 600.

Shugabannin makarantu, wannan ba ya bukatar takarda daga ma'aikatar ilimi. Kafin daminar bana ta sauka, ku zaga filinku da ɗalibai ku ƙirga kututturan da ke toho, ku kewaye su.