Ina Rabon Masu Tafiya A Ƙasa?

 Shin kun taɓa tambaya ina kuɗin harajin gari ke tafiya? Galibi titin mota da gada ke cinye su, alhali mu da 'ya'yanmu a ƙasa muke tafiya, cikin rana da ƙura.

Ku dubi Siyol, babban birnin Koriya ta Kudu. A 2003 hukumar gari ta rushe wata gadar motoci da ta rufe wani rafi. Zuwa 2005 rafin ya fito fili, ga hanyar ƙafa da itatuwa wajen mil 3 da rabi. An kashe kuɗi ainun, har wasu suka yi gunaguni.

Bukatarmu ba ta kai haka tsada ba. Hanya muke so daga unguwa zuwa makaranta, kasuwa da asibiti, mai dogon yaro a jere, da fitila, da benci saboda tsofaffi da masu juna biyu. Amma a ware kuɗin ban ruwa da shinge, don in an dasa an watsar, awaki aka yi wa aiki.

Ran da kansila ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi nawa aka ware wa masu tafiya a ƙasa. Sai mako mai zuwa.