Labarin Ruwa Na Ofis, Manomi Na Ƙauye

Zancen da na ke so mu yi yau a wannan fili shi ne na labarin damina da ambaliya, wanda Gwamnati ke bugawa kowace shekara, amma bai cika isa kunnen talaka ba.

Ma'aikatu biyu ke da wannan aiki. Ta fari ita ce NiMet, watau hukumar lura da yanayi, wadda aka kafa da doka cikin 2003. Tana da ma'aunan ruwan sama da na zafi da na iska a filayen jirgin sama da sauran tashoshi. A farkon shekara ta kan fid da takarda mai nuna lokacin da a ke tsammanin saukar damina a kowace jiha, da lokacin ɗaukewarta, da inda a ke tsoron ruwa zai tsaya bayan an yi shuka. Ta biyu ita ce NIHSA, mai awon koguna a wurare irin su Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka gamu. Ita kuwa kafin damina ta kan lissafa ƙananan hukumomin da ruwa ya fi yi wa barazana.

Na sani wasu malamanmu su kan ɗauki wannan kamar duba. To, ba haka ba ne. Sanin gaibu sai Allah. Abin da mutanen nan ke yi kirdado ne bisa awo da lissafin shekarun baya, kamar yadda tsoho ya kan dubi hadari a gabas ya ce a kwashe shanya. Wani lokaci a dace, wani lokaci a kuskure, amma mai hankali ba ya ƙin kwashe shanyarsa.

Ku dubi abin da ya wuce. Cikin 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Cikin 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri da dare. Mutanen bakin Binuwai kuma sun san abin da kan biyo in an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, takardun nan su kan tsaya a ofis da intanet, alhali mai gonar fadama da mai gida a bakin rafi ba su da labari. Wannan nauyi a wuyanmu ya ke, mu da Allah ya ba karatu. Akawu ya nemi takardar a ofishin gona, ya duba sunan ƙaramar hukumarsa. Malamin makaranta ya fassara wa dagaci da masu unguwa. Liman ya faɗa wa jama'a bayan salla. Ta haka manomi zai san kada ya zuba irinsa duka da ruwan fari, na bakin kogi kuma ya kau da rumbunsa zuwa tudu tun da sauran lokaci.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da sharrin ruwa, amin. Haza wasalam.