Sarautar Tana Nan, Aikinta Ya Sauya

Mu da muka tashi a zamanin En'e mun saba jin sunayen Madaki da Galadima da Wambai, har muka ɗauka yadda muka tarar da su haka suke tun fil azal. Wani baƙo ne ya zauna ya lura da abin da sabo ya hana mu gani.

A 1949 M. G. Smith, haifaffen Jamaika, ya zo ƙasar Zazzau a zamanin Sarki Ja'afaru, tare da matarsa Mary, wadda ta rubuta labarin Baba ta Karo. Littafinsa kan mulkin Zazzau ya fito a 1960, ya bi sawun masarautar daga 1800 zuwa 1950. Dabararsa ita ce ya tsaya a zango uku: mulkin Haɓe, mulkin Fulani bayan jihadi, sai zamanin Turawa. Da yake Haɓen Zazzau sun koma Abuja, wadda yau muke kira Suleja, da tsarin sarautunsu, sai ya jingina da tarihin Abuja da Malam Hassan da Malam Shu'aibu suka rubuta don ya san inda aka faro.

A kowane zango tambayoyinsa iri ɗaya ne. Wa ke naɗa mai wannan sarauta, wa ke iya tuɓe shi, ina yake samun abin hannunsa, ga wa yake kai gaisuwa? Nan aka ga rawani bai canza ba, amma aikin ya juye. Hakimin da a da yake zaune a birni, yana aika jakadu garuruwansa da ke warwatse, Turawa sun tura shi gunduma, suka yanka masa albashi daga baitulmali.

Ku dubi ƙungiyoyinmu na yau, na 'yan kasuwa ne ko na tsofaffin ɗalibai. Shugaba da ma'aji suna nan, amma wa ya rubuta lokacin da ikon kashe kuɗi ya bar hannun taro ya koma hannun mutum biyu? Ciwo nake ji idan na tuna littattafan taron da muka bar wa gara a cikin akwati.

Smith ya ci gaba da tambayoyinsa a Daura da Kano. Littafinsa na Daura ya fito a 1978, na Kano kuwa sai a 1997, shekara huɗu bayan rasuwarsa.