Injin Beljiyam: lissafin da faɗuwar naira ta sauya wa masu tsofaffin motoci

Idan injin tsohuwar Golf ya buga a yau, mai ita ba ya maganar sauya mota. Zaɓinsa biyu ne: ya ba makanike ya yi wa injin garambawul, ko ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya sayo injin Beljiyam.

Wannan lissafi ya samo asali ne daga matakan gwamnati. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke darajar naira. Dalar da ake samu a kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Da yake da kuɗin waje ake shigo da injin gwanjo, farashinsa ya bi dala. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma ya rage abin da direban haya ke komawa da shi gida.

Haɗarin ya fi yawa ga mai saye. Injin ba ya zuwa da shaidar tafiyar da ya yi, garantin kuma galibi na baka ne, na 'yan kwanaki. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta tanadi mayar da kaya mai aibu, amma wanda ba shi da rasit mai ɗauke da lambar injin zai sha wuyar kafa hujja.

Ga direban da motar ce jarinsa, injin da ya mutu bayan wata guda bashi ne da zai ci gaba da biya motar tana ajiye.